Ƙarin Garanti A Kan Kayan Lantarki: Kariya Ce Ko Kuwa Tsoro Ake Sayar Mana?

A hutun da ya wuce, bayan na daɗe ina tara 'yan kuɗi, mahaifina kuma ya cika mini abin da ya rage, na shiga wani babban kanti domin in sayi kwamfutar da zan rubuta kundin digirina da ita. Mun gama ciniki, an mayar da ita cikin kwalinta, ina miƙa kuɗi ke nan sai yaron kantin ya dube ni ya ce, "Malam, garantin kamfani fa shekara ɗaya ne rak. In ka ƙara ɗan wani abu sai mu ɗora maka shekara biyu a kai, ka kwana da hankalinka kwance." Ɗan wani abun nan da ya faɗa ya kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin kwamfutar. Na yi shiru ina juya maganar a zuci, daga bisani na ce masa a'a. Amma gaskiya ita ce har na isa gida gabana bai daina faɗuwa ba, ina ta tambayar kaina, in ta lalace fa?

Wannan faɗuwar gaba ita ce ta sa na bi diddigin al'amarin, kuma abin da na fahimta shi ne nake so in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai, domin yanzu da wuya a sami ɗayanmu da ba ya riƙe da waya ko kwamfuta wadda kuɗinta ya fi ƙarfin aljihunsa. Ra'ayina shi ne, ga mafi yawan mutane, a kan mafi yawan kaya, ƙarin garanti asarar kuɗi ne.

Bari mu fara da kalmar kanta, tun da sana'armu ke nan. Garanti kalmar aro ce daga Ingilishi, amma abin da take nufi ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin muna da lamuni. A cinikin shanu da na goro, maigida ko dillali yakan tsaya wa baƙo, ya ce in an sami matsala shi za a kama. Ƙarfin lamuni kuwa yana ga mutumin da ya ɗauke shi, watau an san gidansa, an san mutuncinsa, kuma ya san in ya saɓa, kasuwa za ta juya masa baya. Garantin da kamfani ke bayarwa tare da sabon kaya ya yi kama da wannan: wanda ya ƙera abu ya ce na tsaya a kan aikina, in aibi ya fito daga wurina cikin shekara guda zan gyara ko in canza. Kuɗin wannan alkawari yana cikin farashin kayan tun asali. Shi kuwa ƙarin garanti wani ciniki ne na dabam. Inshora ce aka sa wa rigar garanti, kuma sau da yawa ba ma kamfanin da ya ƙera kayan ne ke bayanta ba, wani kamfani ne na uku wanda mai saye bai taɓa jin sunansa ba, kantin kuma yana da nasa kamasho a kan kowace takarda da ya sayar. Wannan ne ya sa yaron kanti ya fi zaƙewa wajen tallar takardar fiye da yadda ya yi wajen tallar kwamfutar.

Kowace inshora kuwa a kan lissafi guda take tafiya, watau abin da ake karɓa daga jama'a lalle ne ya fi abin da ake biya musu, in ba haka ba kamfani ya rufe. Mu ɗauki misali na ƙirƙira domin a ga yadda abin yake. A ce mutum 100 sun sayi waya ta naira 300,000, kowannensu ya biya naira 30,000 na ƙarin garanti. An tara naira miliyan 3 ke nan. A ce wayoyin mutum 10 daga cikinsu sun lalace irin lalacewar da takardar ta yarda da ita, gyaran kowace ya ci naira 60,000. An kashe naira 600,000, saura duk ya tafi ga kamasho da albashi da riba. Mai karatu yana iya sauya waɗannan alƙaluma yadda ya ga dama, amma duk yadda ya juya su, kamfanin ya riga shi yin lissafin, kuma shi yake da bayanan yawan kayan da ke lalacewa, ba mai saye ba. Inshora tana da amfani a inda asarar za ta durƙusar da mutum, kamar gobarar gida ko hatsarin mota. Gyaran waya kuwa yana da ciwo, amma ba ya rusa gida.

Akwai kuma wani abu da injiniyoyi suka daɗe da sani game da yadda na'urori ke mutuwa. In aka zana yawan lalacewarsu a kan tsawon shekaru, zanen yakan fito kamar ƙwarya: baki biyu a sama, tsakiya a ƙasa. Na'urar da ta fito masana'anta da aibi takan nuna halinta da wuri, cikin makonni ko watannin farko. Wadda ta tsallake wannan mataki takan yi shekaru tana aiki lami lafiya, sai tsufa ya zo sassanta su fara gajiya. To, bakin farko na ƙwaryar garantin kamfani ya riga ya rufe shi kyauta. Baki na biyu kuma yakan zo ne bayan ƙarin garantin ya ƙare, a lokacin da ma kayan ya zama tsohon yayi. Abin da ake sayar mana, ashe, shi ne tsakiyar ƙwaryar, lokacin da na'ura ta fi kowane lokaci lafiya. Kamar a sayar wa mutum laima ce ta yi masa aiki daga Disamba zuwa Maris.

Idan kuma aibin babba ne wanda ya shafi kaya masu yawa, tarihi ya nuna kamfanoni kan ɗauki nauyi da kansu, domin tsoron hukuma da tsoron zubewar suna. A shekarar 2007, da na'urar wasanni ta Xbox 360 ta riƙa mutuwa a hannun jama'a, kamfanin Microsoft ya tsawaita garantinta zuwa shekara uku a kan wannan matsala, abin da ya ci masa fiye da dala biliyan ɗaya. A 2016 kuma, da batirin wayar Galaxy Note 7 ya riƙa kama wuta, kamfanin Samsung ya janye wayar daga kasuwa baki ɗaya, ya canza wa mutane ko ya mayar musu da kuɗinsu. Wanda ya sayi ƙarin garanti da wanda bai saya ba duk layi ɗaya suka bi.

A ƙasashen da wannan ciniki ya fi ƙarfi ma an daɗe ana yi masa kallon hadarin kaji. A Amurka, ƙungiyar nan mai gwada kayan masarufi, Consumer Reports, ta shafe shekaru tana shawartar masu karanta mujallarta da su ƙyale shi a kan yawancin kaya. A Birtaniya kuwa sai da hukumar kula da gasar kasuwanci ta yi bincike, ta fitar da rahoto a 2003 cewa babu isasshiyar gasa a cinikin, domin mai saye yana tsaye a gaban kanta ne ba shi da damar kwatanta farashi. Daga nan aka kafa doka a 2005 wadda ta tilasta wa kantuna su rubuta kuɗin ƙarin garanti kusa da kuɗin kayan, ta kuma ba mai saye kwana 45 ya fasa a mayar masa da kuɗinsa. Hukuma ba ta ba mutum kwana 45 ya sake tunani sai ta ga cewa da yawa cikin ruɗu suke sa hannu.

Me ya sa to muke biya? Masana halayyar ɗan'adam guda biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna a 1979 cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa nauyi a zuciyar mutum, kuma mukan kambama hatsarin da ba safai yake aukuwa ba. Mai kanti bai karanta su ba, amma ya san lokacin da zai yi magana: daidai sa'ad da ka rabu da kuɗin da ka sha wuya kafin ka tara, sabon abu yana hannunka, ba ka son ko ƙuda ya sauka a kansa. A wannan lokaci naira 30,000 kan yi kama da ƙaramin abu kusa da 300,000, alhali kuwa in da a gida aka ce ka fito da ita, sai ka tuna abincin makonni ce.

Sai kuma haƙƙin da doka ta riga ta ba mai saye, wanda yawancinmu ba mu sani ba. A ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta ɗora wa mai sayarwa lamunin shekara biyu a kan sabon kaya. A nan Nijeriya ma, dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ta ce mai saye yana da haƙƙin a ba shi kaya mai inganci, kuma yana iya mayar da wanda ya fito da aibi, akwai kuma hukumar tarayya da ake kai wa ƙara. Rubutun da wasu 'yan kasuwa ke bugawa a ƙasan rasit, wai kayan da ya fita ba ya dawowa, bai fi ƙarfin doka ba.

Amma hujjar da ta fi ƙarfi a wurina tana cikin ƙananan rubutun da ke bayan takardar. Mu tambayi kanmu, me ke kashe kayan lantarki a gidajenmu da ɗakunan kwananmu? Wuta ce da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi ta ƙone firji da talabijin. Janareta ne da ke hawa da sauka. Ƙurar hunturu ce da zafin bazara. Waya ce ta suɓuce daga aljihu a kan babur gilashinta ya tarwatse, ko ta faɗa bokiti, ko a zare ta a tasha. Yawancin takardun ƙarin garanti kuwa aibin ƙira kawai suka sani. Faɗuwa da ruwa da sata ba sa ciki sai an biya wani kuɗi dabam, bugun wuta ma wasu sun fitar da shi, batir kuma ana lissafa shi cikin abubuwan da ke ƙarewa da kansu. Har ila yau, in ka kai wa mai gyara na kasuwa ya buɗe ta ko sau ɗaya, sai a ce ka karya sharaɗi. Ga ɗalibin da ke karatu nesa da babban birni, wannan na nufin ya yi kuɗin mota ya kai wayarsa cibiyar da aka amince da ita, ya dawo ya jira makonni, alhali masu gyara a Farm Centre ta Kano za su gama masa aikin kafin la'asar.

Ba zan ɓoye hujjar masu ra'ayin saye ba, domin tana da nauyi. Suna cewa kayan gyara daga waje ake shigo da su, kuɗinsu kuma dala yake bi. A tsakiyar 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura 1,400. Wanda ya biya kuɗin gyara tun kafin wannan tashi, ya kulle farashi ke nan, ya ci riba. Wannan gaskiya ne, in dai lalacewar tana cikin waɗanda takardar ta lissafa, in kuma kamfanin yana nan da ransa ranar da aka neme shi, domin faɗuwar naira da ta tsorata mai saye ita ce kuma ke karya ƙananan kamfanoni. Na kuma yarda akwai mutanen da ya dace su saya. Mai ɗaukar hoto da na'urarsa ce gonarsa, ko wanda ya san kansa da sakin hannu, in ya sami irin tsarin da ya haɗa da faɗuwa da ruwa, kamar AppleCare+ da kamfanin Apple ya fito da shi a 2011, daga wanda ya ƙera kayan, kuma cibiyar gyara tana kusa da shi, ban ga laifinsa ba. Ko a nan ma ya sani cewa akan biya wani abu a kan kowane gyaran da faɗuwa ko ruwa ya jawo. Kafin ya sa hannu ya tambaya: wa zai biya, me aka cire, ina ake kai kayan, kwana nawa ake jira? In yaron kanti ya fara in-ina, amsa ta samu.

Ni dai ga yadda na yi da nawa kuɗin. Na sayi soket mai kare kaya daga bugun wuta da jaka mai kauri, na adana rasit da katin garantin kamfani cikin fayil ɗin takardun makaranta, sauran kuma na ba mahaifiyata ta ajiye mini da sunan kuɗin gyara. In kwamfutar ta lalace, ga abin taɓawa. In ba ta lalace ba, kuɗina na nan. Na kuma sayi ɗan filashi guda, domin da na sake karanta takardar da aka so sayar mini, na ga an rubuta ƙarara cewa ba ruwansu da abin da ke cikin na'ura. Babi uku na kundina suna cikin kwamfutar nan, tare da hirarrakin da na ɗauka da tsofaffin masaƙa a ƙauyenmu, ɗaya daga cikinsu ma ya rasu bayan hirar da wata biyu. Kowace Juma'a nakan kwafe su zuwa filashin, in kuma tura wa kaina ta imel.