Tattalin Gida: Araha Ba Ta Ado

Duk wanda ya taso daga Kolokonde ya shiga manyan kantunan Jugu ko Paraku, zai tarar da alluna an rubuta "Promo" a kansu. Kafin hannu ya kai aljihu, a tsaya a yi lissafi.

A misali, an ɗaure sabulu uku a sefa 1,000, alhali guda 300 ne. Ukun a rarrabe 900 ke nan, ragi ya koma ƙari. Haka shinkafa: in kilo 5 ya kai 3,500, kilo ya kama 700, in kilo 2 na 1,300 ne, kilo 650. Ashe ba kullum babban ƙunshi ya fi sauƙi ba.

Saboda haka a raba kuɗin da nauyi, a duba ranar ƙarewar wa'adi, musamman a madara da tumatirin gwangwani. A kwatanta da kasuwar Arzeke, inda ake ciniki har a samu gyara, a kuma lissafa kuɗin mota.

Masu kanti su ma su tuna da gargaɗin Suratul Muɗaffifina ga masu tauye awo. Allah Ya albarkaci abin da muke ciyar da iyali, amin.