Sharhi: Hana Shiga da Jaka a Wuraren Taro da Halin da Baƙo Mai Rauni Yake Ciki

Duk wanda ya saba bin lungunan Madabo a ranar Juma'a ko safiyar Idi ya san yadda jama'a suke kwarara daga cikin unguwa suna nufar Babban Masallacin da ke kusa da Gidan Rumfa, ko kuma filin Idi na Ƙofar Mata. Wannan unguwa, wadda tarihi ya danganta kafuwar makarantarta da zuwan malaman Wangarawa, ta daɗe tana saukar baƙi, kama daga masu neman ilmi a zaurukan malamai har zuwa 'yan uwa da suke shigowa daga ƙauyuka domin Sallah ko Maulidi ko Takutaha. Baƙo kuwa ba ya tafiya hannu rabbana. Ɗalibi yana rataye da gafakarsa, dattijo yana riƙe da buta da darduma da ƙullin magani, mai goyo kuma tana ɗauke da jakar da ta zuba zanen goyo da kunun yaro. A da babu wanda yake ɗaga ido ya dubi waɗannan kaya. A yau su ne abu na farko da ake tambaya a kai idan an isa bakin ƙofar taro.

Idan ba a manta ba, wannan sauyi ya samo asali ne daga shekarun da Kano ta yi cikin fargaba. A ranar 20 ga Janairu, 2012 aka kai jerin hare-hare a birnin, inda mutane fiye da 180 suka rasa rayukansu. A watan Yulin 2014 aka yi ta samun mata masu ɗauke da bam a jikinsu, ciki har da wadda ta kutsa cikin ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, lamarin da ya zo daidai da Ƙaramar Sallah, har aka soke hawan wannan lokaci. Sai kuma ranar 28 ga Nuwamba, 2014, lokacin da aka far wa masallata a Babban Masallacin Juma'a na cikin birni, aka kashe fiye da mutum 100. Bayan haka aka taɓa Kantin Kwari a Disamban wannan shekara, aka kuma taɓa kasuwar waya ta Farm Centre a Nuwamban 2015. Tun daga nan ya zama ruwan dare a ga 'yan agaji a ƙofofin masallatai riƙe da na'urar gano ƙarfe, sannan sanarwar da 'yan sanda suke fitarwa gabanin Sallah takan ja hankalin masallata da kada su ɗauko kayan da ba su zama dole ba.

Babu mai hankalin da zai ga baiken wannan mataki. Wanda ya ga abin da ya faru a waccan Juma'a ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan dalilin buɗe jaka. Abin dubawa shi ne a kan wa nauyin dokar yake sauka, domin ba daidai yake sauka a kan kowa ba.

Mutumin Madabo ko Yakasai idan aka ce ba a shiga da jaka, gida zai koma ya ajiye, ko ya miƙa wa yaro. Amma wanda ya baro Sumaila ko Tudun Wada ko Ɗambatta tun asuba, ya biya kuɗin mota, ya sauka a tasha ya tako har cikin gari, ina zai kai tasa? A cikinta akwai kuɗin komawa, da ɗan guzuri, wataƙila da takardar asibiti, domin da yawa sukan haɗa zuwa kallon hawa da ganin likita ko sayayya a Kurmi. Irin wannan mutum zaɓi biyu ke gabansa, ko ya haƙura da abin da ya kawo shi, ko ya damƙa kayansa ga wanda bai sani ba. Sau da yawa kuma a nan bakin ƙofa ne ya fara jin labarin dokar.

Al'amarin ya fi tsanani ga masu buƙata ta musamman. Kano tana da dubban mutanen da cutar shan inna ta naƙasa kafin a shawo kanta, inda sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da nau'in cutar mai yaɗuwa da kansa. Waɗannan bayin Allah suna yawo ne a kan keken guragu mai tuƙin hannu, wanda duk jikinsa ƙarfe ne, kuma galibi akwai ɗan akwati ko jaka a ɗaure a bayansa. Na'ura za ta yi ƙara ko da babu komai. Haka mai sandunan dogarawa, haka mai ƙafar roba. Mai ciwon sukari yana tafe da allurarsa, mai asma da abin shaƙarsa, kuma ɗan agajin da aka ba umarni a dunƙule cewa kada kowa ya wuce da kaya ba shi da ikon tantance wane kaya ne rai ya rataya a kansa. Makaho yana tare da ɗan jagora, to idan aka raba layin maza da na mata, ita makauniyar da ɗanta namiji yake ja, wane layi za ta bi? Kurma kuma bai ji shelar da ake ta yi da lasifika ba, sai dai ya ga ana tura shi baya.

Akwai wani ɓangare da ba a cika lura da shi ba, wanda kuma ya shafi tsaron kansa. Duk lokacin da bincike ya yi jinkiri, jama'a sukan taru a waje, wato a daidai inda ba a binciki kowa ba tukuna. A birnin Manchester na Ingila, a ranar 22 ga Mayu, 2017, maharin da ya kashe mutum 22 bai shiga cikin zauren wasan ba, a farfajiyar waje ya tsaya da jakar goyonsa har jama'a suka fara fitowa. Ke nan ƙofa guda mai cunkoso, inda ake jayayya da tsohuwa a kan ƙullin kayanta alhali ɗaruruwa suna matse a bayanta, ita kanta wurin haɗari ce.

Ƙasashen da suka riga mu tsara wannan doka sun haɗa ta da mafita tun daga farko. A Amurka, bayan bama-baman da aka ɓoye cikin jakunkuna a gasar gudun fanfalaki ta birnin Boston a watan Afrilun 2013, hukumar ƙwallon zari-ruga ta ƙasar ta wajabta cewa jakar da za a shiga da ita filin wasa ta kasance mai shara-shara wadda ake ganin cikinta, an kuma faɗi iyakar girmanta. Amma an keɓe kayan da suka zama dole ga lafiyar mutum, ana duba su a wata ƙofa ta daban a bar shi ya wuce. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne wanda alhazanmu suka gani da idonsu. A watan Janairun 2006 mutane fiye da 340 suka rasu a wurin jifan Shaiɗan a Mina, kuma hukumomin Saudiyya sun danganta farkon turmutsitsin da kayan da suka zube aka riƙa tuntuɓe da su. Daga baya aka sake ginin gadar, aka hana tafiya jifa da manyan kaya. Haka nan a Harami ba a barin manyan jakunkuna, sai dai an tanadi wuraren ajiya a waje da kekunan tura marasa ƙarfi. Hani da tanadi tare suke tafiya.

A ɓangaren doka ma ba a bar mu a duhu ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda ta bai wa gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Dokar ta tanadi cewa a fara sallamar naƙasasshe a duk inda ake bin layi, ta kuma sanya tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna bambanci, da tarar Naira miliyan ɗaya ga kamfani ko ƙungiya. Ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi da kwamitocin masallatai da masu kula da filin wasa na Sani Abacha su san cewa shingen ƙarfe da aka gitta ta yadda keken gurgu ba zai wuce ba, shi ma yana cikin abin da dokar take magana a kai, ko da na yini ɗaya aka kafa shi.

To mene ne abin yi a wuri irin cikin birni, inda lungu bai wuce faɗin mutum biyu ba, kuma babu filin da za a kafa manyan rumfunan ajiya? A ganinmu, amsar tana cikin al'adar da Kano ta daɗe da ita. Fataken da suke zuwa daga nesa ba sa yawo da kayansu a kasuwa, a gidan fatoma suke saukewa, shi ne yake riƙe amanar kaya har a gama ciniki. Zaurukan Madabo da makwabtanta sun san wannan aiki. Babu abin da zai hana mai unguwa, da sanin hakimi da baturen 'yan sandan yanki, ya keɓe zaure ko ajin makarantar firamare a ranakun babban taro, a sa mutum biyu ko uku da unguwa ta yarda da su, a karɓi jaka a ba mai ita lamba. Sharaɗi dai shi ne a buɗe kowace jaka a gaban mai ita kafin a karɓa, kuma wurin ya yi nisa da ƙofar taro, domin tarin kayan da ba a duba ba a jikin katangar masallaci ya fi barinsu a hannun masu su muni. Kuɗin ajiya kuwa, in ma za a karɓa, a yanke shi a rubuta a bango, kada a bar shi ga bakin samari.

Bugu da ƙari, ƙofa ɗaya da aka ware wa tsofaffi da masu goyo da naƙasassu tare da masu rakiyarsu ba ta buƙatar wani kasafin kuɗi, illa 'yan agaji mata da maza da aka koya wa yadda ake duba keke da hannu ba tare da an sauko da mai shi ƙasa ba. Masarauta tana da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, akwai kuma ƙungiyoyin kurame, waɗanda sun fi kowa sanin inda takalmin yake matsa wa mutanensu. Zama ɗaya da su kafin Sallah zai warware abin da sanarwa goma ba za ta warware ba.

Sai kuma batun isar da saƙo, wanda a nan ne jami'an karkara suke da babban aiki. Jihar tana da ƙananan hukumomi 44, kuma mafi yawan masu rako hakimai hawan Daushe da na Nasarawa daga can suke fitowa. Sanarwar da aka fitar da Turanci ana jajibiri ba za ta kai gare su ba. Kamata ya yi a faɗa a rediyo da Hausa da Fulatanci mako guda kafin ranar, limamai su maimaita a huɗubar Juma'a, dagatai su sa a yi shela ranar kasuwa, a kuma liƙa hoto a tashoshin mota saboda kurame da waɗanda ba sa karatu. A faɗi abin da aka hana da sunansa, a faɗi abin da aka yarda da shi, kamar darduma da magani da abincin jariri, a kuma faɗi inda za a ajiye sauran.

A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya take alfahari da su, duk da cewa 'yan sanda sun dakatar da hawan a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 bisa dalilan tsaro. Duk ranar da aka yi cikakken hawa, za a ga baƙi daga ƙasashen waje, kuma su za a tanadar musu rumfa da kujeru da masu yi musu jagora a Ƙofar Kudu. Wanda ya taho daga Rogo da matarsa da mahaifiyarsa mai ciwon ƙafa, shi ne ya kamata kwamitin shirye-shirye ya sa a gaba idan ya zauna tsara ƙofofi, ya tambayi kansa ta wace hanya wannan iyali za su shiga, kuma a wane zaure za su bar jakarsu.