Shawarar Wata: Babur ɗin Farko

A Tamale yau da wuya ka shiga gidan da babu babur, zongunan Kumasi da Accra ma sun bi sahu. To, ga mai shirin sayen na farko, ga tawa shawara.

Kada girman inji ya ruɗe ka. Sabon shiga ya tsaya tsakanin 100cc da 125cc, irin su Boxer ko Haojue, waɗanda kowane bakanike ya san cikinsu, kayan gyaransu kuma ba sai an yi cigiya ba. Hau ka gani: idan ƙafafunka biyu ba su taka ƙasa ba, ba naka ba ne. In kuwa na hannu ne, gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke rubuce a takarda. Babur ɗin sata kan zo da araha, amma wanda aka kama shi a hannunsa, shi zai kwana wurin 'yan sanda.

Sai lasin ajin A daga DVLA, da inshora, da hular kwano guda biyu, domin doka ta ɗora ta a kan direba da wanda ya goya. Hular da ba a ɗaure igiyarta ba kuwa, tun kafin kai ya taɓa kwalta ta yi nata wuri.

Koyi birki a fili tukuna. Na gaba shi ya fi kamawa, amma ka damƙe shi da ƙarfi a kan yashi, ka sha ƙasa. Iyayenmu mata kuma a tattare mayafi da bakin zane kafin a hau, sarƙar baya tana fizgar tufa.