Kafin Ka Kira Yaro Daƙiƙi

A kusan kowane aji akwai yaron da aka mayar kujerar baya. Malamai sun haƙura da shi, abokansa suna yi masa dariya, iyayensa kuma sun ce haka aka halicce shi. Idan aka matsa da tambaya, sai wani ya ce ai ubansa ma bai yi nisa a karatu ba, gado ne. A ganina muna saurin yanke wannan hukunci, kuma yaran da muke yanke wa shi suna biyan bashin da ba su ci ba.

Ban musa cewa akwai gado ba. Yaro yana ɗauko kamannin iyayensa, da launin fatarsu, wani lokaci har da cutarsu, kamar sikila. Hausawa suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A shekarar 1869 wani Bature ɗan Ingila, Francis Galton, ya wallafa littafi a kan wannan batu. Ya bi tarihin manyan alƙalai da shugabanni da masana, ya ga da yawansu dangin juna ne, sai ya ce basira a jini take. Abin da bai ba muhimmanci ba shi ne, 'ya'yan waɗannan gidaje sun gāji littattafai da abinci mai kyau da kuɗin makaranta tare da jinin. Da wuya a raba gadon jini da gadon gida.

Ku da kuke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu kun san misalin da ya fi kowanne sauƙi. Yaron da iyayensa Igbo ne, aka haife shi a Sabon Gari a Kano, yana yin Hausa kamar Bakano. Ɗan Bahaushen da ya tashi a Sabo a Ibadan, ko a Agege a Legas, yana yin Yarbanci har ba ka iya bambanta shi da maƙwabtansa. Ikon koyon harshe shi ne aka haife su da shi. Harshen da suka koya kuwa, unguwa ce ta zaɓa musu. Wannan shi masana suke nufi da muhalli: gida da unguwa da makaranta, da abincin da yaro yake ci, da maganar da yake ji.

Masana biyu da aka haifa a shekara ɗaya, 1896, sun yi fice wajen nazarin yadda tunanin yaro yake girma. Na farko, Jean Piaget na ƙasar Suwizalan, ya ce tunanin yaro yana bin matakai huɗu a jere, ba ya tsallake ko ɗaya. Yana da wani gwaji sananne. Za a zuba ruwa daidai wa daida a kofuna biyu, sannan a juye na kofi ɗaya cikin wani dogon kofi siriri. Yaro ɗan shekara huɗu zai ce ruwan dogon kofin ya fi yawa. Sai ya kai kimanin shekara bakwai yake gane cewa ruwan bai ƙaru ba. Darasin a nan shi ne kada a tsawata wa yaro a kan abin da lokacin ganewarsa bai yi ba.

Na biyu, Lev Vygotsky na ƙasar Rasha, ya rasu da ƙuruciya a 1934, amma ni ra'ayinsa ya fi gamsar da ni. Ya ce yaro yana koyo ne a hannun wanda ya fi shi sani. Akwai abin da yaro yake iya yi shi kaɗai, akwai kuma abin da ba ya iyawa sai an ɗan kama masa. A tsakanin waɗannan biyu koyo yake faruwa. Duk wanda ya ga yadda tela yake koya wa yaronsa ɗinki ya ga wannan. Yau ya ba shi ɗinkin maɓalli, gobe kalmasa, har ranar da zai miƙa masa almakashi. Idan babu mai kama wa yaro, to abin da zai iya zama ba zai fito fili ba, kuma mu sai mu ce ba shi da ƙwaƙwalwa.

A 1985 wasu masu bincike suka wallafa abin da suka gano a birnin Recife na ƙasar Birazil. Sun je wurin yara masu sayar da kwakwa da 'ya'yan itace a bakin titi, suka yi ciniki da su kamar masu saye. Kusan duk lissafin da yaran suka yi daidai ne. Da aka ba su lissafin nan dai a takarda, irin na aji, sai suka faɗi fiye da rabi. Ina tuna wannan duk lokacin da na ga yarinya mai tallar gyaɗa tana ba da canji ba kuskure, alhali a makaranta an rubuta mata sifili a lissafi. A nan ba kanta ne ke da matsala ba, hanyar koyarwar ce ba ta haɗu da abin da ta riga ta sani ba.

Wani lokaci muhallin yana yin ɓarna tun kafin yaro ya shiga aji. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan jihar Zamfara, kuma dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar waɗanda suka rayu. Yunwa a shekaru biyun farko tana tsumburar da jiki, tana kuma rage kaifin tunani. Malamin da ya karɓi irin wannan yaro yana ɗan shekara shida ba ya ganin abin da ya wuce, sakamakon kawai yake gani.

Sai dai akwai binciken da yake ba ni ƙarfin zuciya. A 1986 da 1987, a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, an zaɓi yara 129 da suka tsumbure, masu wata 9 zuwa 24. An riƙa ba wasu madara. Wasu kuma ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar gidajensu sau ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu. Bayan shekara ashirin aka sake neman yaran. Waɗanda aka yi wa ziyarar wasa da hira suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a yi wa ba da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Madarar ita kaɗai ba ta bar irin wannan alama ba. Ba ina cewa abinci ba shi da amfani ba ne, domin mai jin yunwa ba ya wasa. Ina cewa magana da yaro ma abinci ce, kuma ita muka fi yin rowarta.

A gidajenmu da yawa, daga Kudu har Arewa, ana yabon yaron da ba ya magana. Ladabi abu ne mai kyau, kuma ba na son yaron da yake katse manya. Amma yaron da aka ce wa "yi mana shiru" duk lokacin da ya tambayi dalilin abu, a ƙarshe zai daina tambaya, a gida da a aji. Da can kakanni suna cike wannan giɓi da tatsuniya da kacici-kacici bayan cin abincin dare. Yanzu a gidaje da yawa waya ce ta karɓi wannan lokaci, ita kuwa waya ba ta amsa tambayar ɗan shekara uku.

Wani zai ce iyaye talakawa ba su da lokaci, ba su da kuɗin kayan wasa. Gaskiya ne uwar da ta wuni a kasuwa tana dawowa a gajiye. Amma kayan wasan da aka yi amfani da su a Jamaika na gida ne, irin waɗanda ake haɗawa da tarkacen da ake zubarwa. Kuma ba uwa kaɗai ce muhallin yaro ba. Yawancinku masu karanta wannan shafi kuna da ƙanne. Idan kina wanke kwanuka ƙanwarki tana gefe, ki sa ta ƙirga cokula, ki gaya mata sunan kowane abu da harshenku, ko da Hausar da kika koya yau. Idan ƙanenka ya tambaye ka inda rana take zuwa da dare, ka zauna ka ba shi amsa, sannan ka tambaye shi abin da shi yake tsammani.