Dajin Sunut Amana Ce A Hannunmu

Jama'a, duk ɗan Aljirif da ya taɓa ƙetare gada zuwa kasuwar Muwailih a Umdurman ya san Dajin Sunut, fadamar nan ta bagaruwa a gaɓar Farin Nilu, dab da Mugran. Tun 1939 aka keɓe shi don tsuntsaye, har da masu zuwa daga Turai lokacin sanyi. Da damina ruwa ya shanye shi, da rani ya janye ya bar ciyawa.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa gas ya yi wuya, aka afka wa dajin da gatari don itace da gawayi.

Wani zai ce ina ruwan falke da tsuntsu? To, da bagaruwa ake jeme fatun shanunmu. Saiwarta ce kuma ke riƙe gaɓa kada ruwa ya zaizaye ta. 'Yan'uwanmu na Hadeja da Nguru sun ga yadda makiyaya ta ƙuntata bayan an gina madatsar Tiga a 1974, ambaliya ta ragu. In fadama ta mutu, saniya ce ke fara ramewa, sannan aljihunmu.

Shawararmu uku ce. Kada mu sayi gawayin dajin. Masu kora su kau da garke daga inda aka yi sabon dashe. Ƙungiya kuma ta ware wani abu daga kuɗin la'ada don sayen irin dashe. Malamai sun karantar da mu dashen itace sadaka ne, ko tsuntsu ne ya ci.

Allah Ya sa mu dace, amin.