Waiwaye: Sai an rasa rai ake gyara?

Tseren motoci na NASCAR, wanda miliyoyin Amurkawa ke kallo a yau, daga hannun 'yan fasa-ƙwaurin giya ya samo tushe. A 1920 aka haramta giya a Amurka, sai mutanen tsaunukan kudu maso gabashin ƙasar suka riƙa dafa ta a ɓoye, samarinsu na kai ta birane cikin dare. Don kada 'yan sanda su cim musu, sukan ƙara wa injin Ford ƙarfi, amma a ido motar kamar ta kowa take. Ko da aka janye haramcin a 1933, sana'ar ba ta mutu ba saboda gudun haraji. Ranakun hutu kuwa sai su haɗu a fili, a ga motar wa ta fi gudu.

Wani makaniki mai suna Bill France, mazaunin Daytona Beach a jihar Florida, shi ya ɗora wasan kan tsari. Ya ga yadda wasu masu shirya tsere ke tserewa da kuɗin direbobi, sai ya tara masu ruwa da tsaki a otal ɗin Streamline a Disambar 1947. A Fabrairun 1948 aka kafa NASCAR. Maganar kuɗi ta samu mafita da wuri. Maganar rai ce ta daɗe tana jan ƙafa.

A 1964 motar Fireball Roberts ta kama da wuta a Charlotte, ya rasu bayan makonni yana jinyar ƙuna. Daga nan aka koma ga tankin mai mai rufin roba daga ciki. A 1970 motar Richard Petty ta yi ta wuntsilawa a Darlington, hannunsa na lilo ta taga, sannan aka wajabta sa raga a tagar direba. A 1987 motar Bobby Allison ta tashi sama a Talladega ta daki shingen 'yan kallo, sai aka ƙayyade ƙarfin inji a manyan filaye biyu. Kowace doka tana da hatsarin da ya haife ta.

Mafi ciwo shi ne abin da ya faru daga 2000 zuwa 2001. Tun shekarun 1980 Robert Hubbard ya ƙirƙiro na'urar HANS, wadda ake ɗorawa a kafaɗa a haɗa da hular kwano, don kada kai ya fizgu gaba idan mota ta daki katanga. Direbobi da yawa suka ƙi ta, suna cewa tana takura musu, hukumar wasan kuma ta bar wa kowa zaɓinsa. A 2000 kaɗai, Adam Petty ɗan shekara 19, da Kenny Irwin, da Tony Roper suka mutu da irin raunin da aka yi na'urar don hanawa, wato karayar gindin ƙoƙon kai. Duk da haka ba a wajabta ta ba.

Ranar 18 ga Fabrairu, 2001, a zagayen ƙarshe na tseren Daytona 500, Dale Earnhardt, zakaran babbar gasar NASCAR sau 7, ya daki katanga ya mutu da wannan raunin, yana da shekara 49. Ƙasar ta girgiza. A Oktoba, bayan mutuwar Blaise Alexander a wata gasa ta daban, aka tilasta wa direbobi sa na'urar kare kai da wuya. Aka kuma lulluɓe katangun filaye da shinge mai shanye ƙarfin karo. Sama da shekara 20 bayan haka, babu direban da ya mutu a tseren manyan rukunoni uku na NASCAR.

Ajali gaskiya ne, amma sakaci ma gaskiya ne, kuma ana tambayar mai shi. Maganin yana nan, an san yana aiki, abin da ya rage kawai shi ne mai iko ya ce dole. Matasa uku sun tafi ba a ce ba, sai da mutuwa ta taɓa wanda ya fi kowa suna. Duk wanda aka ba amanar rayukan mutane, a filin wasa ne, ko a tasha, ko a masana'anta, gargaɗin farko ya kamata ya ishe shi. Ran ƙaramin direba da na zakara nauyinsu ɗaya ne.