Mu Rubuta Namu Littafin Aikin Hannu



A zangon da ya wuce an ce kowa a ajinmu ya kawo aikin hannu na maki ashirin. Mu huɗu muka tafi laburare neman abin da za mu koya. A kantar ƙasa, bayan tsofaffin littattafan lissafi, muka tarar da littattafai uku, duk na Turanci: ɗaya na saƙar ulu, ɗaya na sarƙa da 'yan kunne, ɗaya na haɗa ƙyallaye a yi bargo. Hotunansu suna da kyau ƙwarai, har lokacin tara ya ƙare muna kallo ba mu ci komai ba.

Da muka zo yin aikin sai muka tsaya cak. Littafin saƙar yana koyar da rigar sanyi mai kauri irin ta ƙasashen da ake ƙanƙara, kuma da dogayen allurai biyu. Mu kwarashi muka sani. Bayanin ma haruffa ne da lambobi, irin su K2 da P2, mun nuna wa wata 'yar babban aji ta ce ita ma ba ta gane ba. Na sarƙar kuwa ya ce a nemo wayar azurfa da wata 'yar filaya ta musamman. Kuɗin tararmu bai kai nan ba.

Na ƙyallayen ne kaɗai ya yi mana amfani. Matan Amurka sun yi yayin wannan ɗinki a shekarun 1880, suna haɗa guntaye barkatai, su bi mahaɗin da ado na zare. Telan layinmu kullum sai ya share irin waɗannan guntaye ya zubar. Ya ba mu leda guda kyauta, muka yi 'yar rigar filo.

Ranar kawo aiki, da yawa daga cikinmu kasuwa suka je suka sayo faifai ko mafici. Nasu ya fi kyau, makinsu ya fi namu, don filonmu ya ɗan karkace. Abin ya yi mana ciwo. Amma ba mu ga laifinsu sosai ba, tunda babu inda za su duba su koya.

Alhali ilimin yana nan cikin unguwanninmu. Masu ɗinkin hula suna zaune a ƙofar gida, sai sun zana adon a jikin farin yadi kafin su sa allura, hula ɗaya ta ci makonni. Adon babbar riga har suna gare shi, akwai aska biyu, akwai aska takwas, kuma Zariya ta yi fice a kansa. Kakanninmu suna saƙa faifai da tabarma da kaba. Yayyenmu suna saƙa kayan jarirai da kwarashi. Mun duba laburarenmu kaf, ba mu ga ko shafi ɗaya a kan waɗannan ba.

Shawararmu ita ce mu rubuta da kanmu. Kowane aji ya ɗauki sana'a ɗaya, a je wurin mai yi da ladabi a tambaya, a rubuta da Hausa mataki-mataki, a zana hoto, a faɗi kayan aiki da kuɗinsu. Samarin da ke cewa aikin mata ne su leƙa waje su ga su wane ne ke ɗinkin hula.

Muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu babban littafi mai bango mai ƙarfi, a kuma riƙa yin aikin hannu a cikin aji, a gaban malami. Mu 'yan aji biyu B mun ɗauki saƙar faifai. Duk mai sha'awa ya same mu ranar Laraba bayan an tashi, a gindin darbejiya, ya zo da biro da fensir.